Furfurar da Aka Bar Min

Litinin, 3 ga wata, bayan na rufe shago

Yau ma na shafa wa Babba dayis a gemu. Duk Litinin haka muke yi. Ya shigo ta ƙofar baya, in sauke labule, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, bencin ya yi ta kuka a ƙarƙashinsa, ni kuma in ɗauko tsohon buroshin haƙori in bi furfurar layi-layi. Mai aski ba ya taɓa wannan aikin. Manaja ya hana, wai bakin masu aski ba shi da zif.

Duniya ta san shi da Gingimari, ɗan damben boksin ajin masu nauyi, mai shekara talatin da shida. Ni da Babba na san shi. Ciki ɗaya muka kwanta, rana ɗaya muka fito, ya riga ni da abin da bai kai a tafasa ruwan shayi ba, kuma ya yi shekaru yana min gorin wannan 'yar tazarar. Mama ce ta sa masa Babba, ta sa min Ƙarama. Daga baya Manaja ya tsince shi yana dakon buhuna a sito, ya ce ƙarfi kam akwai, shekarun ne suka yi yawa ga mai fara dambe. Aka zabge masa goma. Ni ba wanda ya taɓa nawa, amma na wayi gari na girmi abokin tagwaicina da shekara goma, na zama Yaya a gaban jama'a.

Ba zan rubuta shekarunmu a nan ba. Ina da jika, wannan ya isa.

Ranar ashirin da tara zai sake karawa da Bahago, yaron da ya kwantar da shi bara har aka fita da shi a kan gadon marasa lafiya, hannunsa ɗaya na reto. Wai ramuwa za a yi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Da na gama na goge masa wuya, sai ya ce, “Sannu da aiki, Yaya.” Labule a sauke, ƙofa a kulle, daga ni sai shi. Mutumin da kullum da zarar an rufe ƙofa zai ce, “Ke Ƙarama, ba ki ga yayanki ba ne? Kawo ruwa.” Na yi dariya na ce tsiyar tasa ta ƙaru. Bai yi dariya ba. Tsayawa ya yi yana kallona, yana jiran in gaya masa abin dariyar.

Laraba, 5 ga wata, da rana

Da na sani ban kunna rediyon shago ba. Sun sa muryar Bahago yana cewa shi ba ya jin daɗin dukan sa'an babansa, amma tunda tsohon ya nace, zai yi masa a hankali. Sai wani mai sayar da kayan gyaran mota ya bugo waya, ya rantse aji ɗaya suka yi da Gingimari, kuma shi har ya aurar da 'yarsa ta fari. Mai shirin ya yi bayani: a dokar hukumar dambe, wanda ya haura arba'in ba ya hawa fage sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, balle wanda aka taɓa sumarwa. Ɗan talatin da shida kuwa, a haska ido, a auna jini, a ce bismillah.

Ina cikin auna wata mai gidan abinci, ta ce, “Ke da kike yayarsa, ai ke za ki raba gardamar nan.” Allurai ne cike da bakina. Ban taɓa gode wa allura irin na yau ba. Na yi mata “uhm”, na juya ta ta ba ni baya.

Na san mai kayan gyaran motar. A bayanmu yake zama a aji, kullum da majina.

Alhamis, 6 ga wata, da yamma

Manaja ya zo. Turarensa ya riga shi shigowa, kamar kullum, kuma bai zauna ba, kamar kullum, kar zare ya manne masa a wando. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma da “Yayarmu ta kanmu” ya buɗe baki.

Bidiyo yake so. In zauna a gaban keken ɗinki in ba da labarin yadda na yi renon Gingimari, a watsa, a rufe bakin 'yan surutu. Ya ce, “Ki ɗan ja ɗankwalin nan baya, a ga farin da ke gaban goshin. Kuma don Allah kar ki kuskura ki shafa komai.” Kwalbar dayis ɗaya ce a shagon nan. Shekara da shekaru ni nake shafa wa wani, ni an hana ni, don furfurata tana yi musu aiki.

Ya ce in tuno wani labari na yarinta mai taɓa zuciya. Ni da wautata na ba shi na kwalba: muna yara mun je ɗebo ruwa a famfon bayan layinmu, na taka fasasshiyar kwalba, Babba ya goya ni a guje har asibiti, jinina na zuba a bayan wandonsa, yana kuka fiye da ni. Manaja ya tafa hannu. “Shi ke nan! Sai dai mu juya shi. Shi ya taka, ke kika goya.”

Na ce, “Manaja, tun bara mutumin nan ba daidai yake ba.”

Murmushin ya sauka daga fuskarsa. “In ji wa? Ke likita ce? Bari in gaya miki, in maganar nan ta fito ba wasan nan kaɗai za a soke ba. Kambun da ya ci, sunansa, hotonsa da ke jikin motocin haya, duk sai an kwashe. 'Ya'yansa su tashi ana nuna su ana cewa ubansu maƙaryaci ne. Ke za ki yi masa haka?”

Da ya tafi na buɗe taga, amma har na rufe shago turaren bai fita ba.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

An ɗauka. Sau da yawa aka maimaita, don wai ba na kallon kyamara. Na faɗi labarin a juye, har na nuna yadda na ɗaure shi a baya. Mai ɗaukar hoton ya ce in da hali in ɗan yi hawaye. Wannan bai ba ni wahala ba.

Lahadi, 9 ga wata

Kowa ya gani. Maƙwabta sai sa min albarka suke yi.

Litinin, 10 ga wata, bayan magariba



Ina tsakiyar shafa wa Babba dayis ya ce, “Yaya, na kalli bidiyon nan. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Kin san har yanzu ina jin ƙanshin man da ke kanki ranar?”

Na ce wace rana.

“Ranar kwalbar mana. Da kika goya ni.”

Na leƙa fuskarsa ina neman inda tsokanar ta ɓuya. Na san fuskar nan fiye da tawa, na san yadda gefen bakinsa na hagu yake motsi in yana ja na. Babu komai. Ya sunkuya ya cire takalmi da safa, ya ɗora ƙafar hagu a gwiwa, ya bi tafin da babban yatsa. Ya sauke, ya ɗauko ta dama. Ya daɗe yana dubawa.

“Ikon Allah,” ya ce. “Tabon ya ɓace.”

Ni ba na taka keke da takalmi, don haka ƙafata a waje take. Na ja ta a hankali na tura ƙarƙashin tebur. Ban san me ya sa na ɓoye ba. Kamata ya yi in ɗaga masa ita a gaban idonsa in ce ga shi nan, sakarai, kai ka goya ni. Tsoro ne ya kama ni, tsoron abin da fuskarsa za ta yi.

Ya tafi ya bar safa ɗaya a ƙasan benci.

Alhamis, 13 ga wata, da azahar

Matarsa, Maman Yara, ta zo da siket wai zif ya lalace. Na ja sama na ja ƙasa, zif lafiyarsa ƙalau. Na ce ta zauna.

Yarinya ce mai kirki, ban taɓa samun ta da komai ba sai yawan goge-goge. A matsayin ɗan talatin da wani abu ta aure shi, kuma ba ta taɓa tambayar me ya sa yaya da ƙane suke da dariya iri ɗaya, ciwon gwiwa iri ɗaya, gilashin karatu lamba ɗaya ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta fara. Shekaranjiya ya tsaya a shataletale ya kira ta, wai wace hanya ce ta gida. Makullin mota a cikin firij ta same shi. Jiya ya yi ta tambayarta ko yara sun ci abinci, alhali ga su a gabansa suna ci.

“Yaya,” ta ce, “abin nan da ake faɗa a rediyo...”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ta ɗaga hannu.

“A'a. Kar ki gaya min. In na sani dole in yi wani abu, kuma ni ce nake gida ɗaya da shi.”

Ta ɗauki siket ɗinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in ci gaba da addu'a. Kowa addu'a yake ba ni aiki, sai ka ce ni ce ban da abin yi.

Asabar, 15 ga wata

Na yanka wa rigar mutane hannu biyu, duka na hagu. Yadin ba zai isa a sake ba.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Yau Babba ne ya zo. Babba nawa.

Tun daga ƙofar baya na ji, “Ke Ƙarama! Wannan wace irin tarba ce, ba ruwa ba gaisuwa?” Na kusa zubar da kwalbar. Ya zauna yana tsokanata da bidiyon, wai ashe ni 'yar wasan kwaikwayo ce ba a sani ba, wai yaushe na taɓa iya ɗaukar ko da bokiti ne balle shi. Ya ce, “Nuna min ƙafar.” Na nuna. Ya danna tabon da yatsa ya ce, “Kin yi nauyi ranar nan kamar buhun siminti.” Muka yi dariya har dayis ya ɗiga masa a riga.

Na ga ƙofar magana ta buɗe, na shiga. Na gaya masa abin da ya yi makon jiya. Na gaya masa na shataletale.

Ya dubi hannuwansa. Can ya ce, “Na sani. Wani lokaci kaina sai ya zama kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. In shiga in tsaya, in rasa me na zo ɗauka.”

“To ka bari a yi hoton nan mana, Babba.”

“In aka yi hoto, an gama da ni. Kin sani, na sani.” Ya kama hannuna. “Wannan ne na ƙarshe, Ƙarama. Bara a kwance aka fitar da ni, yarana suna kallo a talabijin. So nake in sauko da ƙafata, ko an cinye ni. Daga nan ki kai ni duk asibitin da kike so. Amma ki yi min alkawari ba za ki buɗe baki ba.”

Na yi masa.

Na dawo gida da sauƙin zuciya, har na saya wa jikata alewa a hanya. Wataƙila gajiya ce kawai take damunsa. Mutum yana gudu tun asuba, yana shan naushi har rana ta faɗi, ai dole kai ya ɗauki zafi. Wataƙila ni ce nake zuzuta abu.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Na kai masa wandunan atisaye da na rage wa ƙugu. Rabona da gidan atisayen nan tun kafin wasan bara. Warin nan ne dai na gumi da roba, buhunan naushi na lilo, fanka ɗaya na aiki ɗaya ta mutu.

Yana kan fage da wani dogo da aka ɗauko don ya yi masa irin damben Bahago. Ko ni da ban san dambe ba na ga dogon nan lallaɓa shi yake yi, ciki da kafaɗa kawai yake taɓawa. Sau ɗaya hannunsa ya kuɓuce ya sami Babba a gefen kunne, ba ma da ƙarfi ba. Aka buga ƙararrawa. Babba ya juya ya tafi kusurwar da ba tasa ba, ya tsaya yana buɗe baki a ba shi ruwa, ba kowa a wurin sai igiya. Gidan ya yi tsit. Koci ya yi maza ya zagaya da gorar ruwa ya same shi can, kamar dama haka aka tsara.

Na tare Koci a bayan buhuna. Tsoho ne mai karyayyen hanci, shi ya koya wa Babba yadda ake tsayuwa tun farko, kuma ya san abin da na sani ko da ba mu taɓa furtawa ba.

“Hannunsa bai manta komai ba,” ya ce, yana naɗe bandeji bai kalle ni ba. “Jiki yana da nasa tunanin.”

“Kan fa?”

“Tawul yana kafaɗata. Da na ga abin da ban gane ba zan jefa, a tsayar da wasa.”

“Bara ina tawul ɗin yake?”

Ya ci gaba da naɗe bandejin da ya riga ya naɗu.

Da zan fita Babba ya hango ni, ya ɗago safar damben yana murmushi. “Yaya! Ki ce wa Mama kar ta zo kallo, kin san ta da hawan jini.” Yaran gidan suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Mama ta rasu tun kafin ya yi aure.

Juma'a, 21 ga wata

An manna hotonsu a jikin gadar sama, shi da Bahago, goshi da goshi. Gemun ya fito baƙi wuluk. Aikina ya yi kyau.

Lahadi, 23 ga wata, da safe

Na yi alkawari. Na yi alkawari. Amma wa na yi wa? Wanda ya karɓi alkawarin sau ɗaya na gan shi a watan nan.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Da hagu nake riƙe littafin, dama ce ke rubutu da ƙyar.

Ya zo a Gingimari, ba a Babba ba. Na bari sai da na gama shafawa, na ce, “Babba, ka tuna maganar da muka yi makon jiya? Ni ce fa, Ƙarama.” Ban ƙara komai a kai ba. Ya damƙe min wuyan hannu. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma abin tsoron. Ya ce, “Wa ya koya miki wannan maganar? Mutanen Bahago sun zo nan?” Na ce ya sake ni. Awarwarona ya lanƙwashe ya shige cikin fata. Tunda muke bai taɓa ɗaga min yatsa ba, ko muna yara ni nake dukansa yana dariya.

Can ya sake ni, ya duba madubi, ya shafa gemu, ya ce yau ya fi na kullum kyau. Ya yi min sallama da fara'a.

Sai da na sa filaya na cire awarwaron.

Laraba, 26 ga wata

Manaja ya aiko. Gobe gwajin likitar hukuma, jibi awon nauyi. In zo da kwalbar da buroshi, za a yi hotuna, kar wani fari ya leƙo. In zo kuma da ɗankwalin a baya.

Ban ci komai ba yau. Ba azumi nake ba.

Alhamis, 27 ga wata, bayan isha

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Wani ƙaramin ɗaki ne a bayan zauren wasa, gado ɗaya, sikeli, kujeru biyu. Na gyara masa gemu a banɗaki kafin mu shiga. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, gilashinta a rataye a wuya, da ganin ta ta gaji. Manaja na jingine da ƙofa, Koci na riƙe da jaka.

Ta auna jini. Ta haska idonsa. Ta ce ya bi yatsanta, ya bi. Ta ce ya taka layi, ya taka tsaf. Ta tambaye shi yau wace rana, ya faɗa, don Manaja ya yi ta nanata masa a mota ina ji. Har ya ba ta dariya, ya ce in ta gama da shi ta duba Manaja, shi ne tsohon. Na ga ta ɗauki biro. Komai ya tafi daidai, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don na gane ba wanda zai tare shi. Kowa ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Ta ɗago ta ce, “Wannan fa?”

“Yayata ce,” in ji shi. “Ita ta goya ni.”

Na ji bakina ya ce, “Likita, tagwaye ne mu.”

Ba wanda ya motsa. Na ce, “Rana ɗaya aka haife mu. Shekaruna su ne nasa. Ya wuce arba'in da daɗewa, kuma tun bara yana ɓata a hanyar gidansa.”

Manaja ya taso da hayaniya, wai tsufa ne ya fara taɓa ni, wai hassada ce ta 'yan uwa, wai ina takarda, ina shaida. Likitar ba ta ko kalle shi ba. Ni ta kalla, ta kalli Babba, ta sake kallona. Ta ga ɗaurin da ke wuyan hannuna, ba ta tambaya ba. Ta ajiye biron ta ce, “Ni ba alƙaliya ba ce, ban nemi takardar kowa ba. Hoto zan sa a yi gobe da safe. In kansa lafiya, ya hau.”

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne yadda Babba ya dube ni. Na shirya wa fushi, na ma shirya wa mari. Tausayi na gani. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaya, me ya same ki? Koci, a kai ta gida ta huta, rana ta buge ta.”

Koci ne ya raka ni bakin titi. Ya tsaya tare da ni har na sami mota. Da zan shiga ya riƙe min ƙofa.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

An yi hoton. Ba a yi awon nauyi ba.

Asabar, 29 ga wata

Yau ce ranar. Zauren a rufe yake.

Rediyo tun safe abu ɗaya: an soke, dalilin lafiya, hukuma za ta binciki shekarunsa, wani na kusa da shi ne ya fasa ƙwai. Ba su faɗi suna ba, amma unguwa ba ta buƙatar rediyo. Na tarar an watsa wa ƙofar shago baƙin mai. Mai gidan abinci ta aiko a karɓar mata yadinta ko ba a ɗinka ba. 'Yata ta ce in koma wurinta in kwana biyu, na ce ba inda za ni.

Maman Yara ta turo saƙo, layi ɗaya: likita ta nuna mata hoton. Na kira ba ta ɗauka ba. Ban san ko godiya ce ko tsinuwa ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Yana da rai. Ƙarfe tara ta yi, lokacin da za a buga ƙararrawar farko, kuma yana gida yana da rai. Na yi ta faɗa wa kaina wannan.

Lahadi, 30 ga wata

An sauke hoton gadar sama.

Talata, 2 ga sabon wata, da hantsi

Ina goge baƙin man da kananzir na ga inuwa ta rufe ni. Ta ƙofar gaba ya zo, da rana tsaka, cikin kayan atisaye. A ƙafa ya taho, takalmansa duk laka. Na miƙe, tsumma a hannuna, na ce a raina to, ga ta nan.

“Yaya,” ya ce, “kin ji abin da aka yi min?”

Na ce na ji.

Ya shiga ya zauna. Shagon ba kowa, dama tun Asabar ba mai shigowa. Ya ce Manaja ba ya ɗaukar wayarsa. Ya je gidan atisaye, Koci ya rungume shi yana kuka ya ƙi ba shi safar dambe. Yara ba su je makaranta ba, bai san dalili ba. Yana magana yana jujjuya babban almakashina a hannu, yana buɗewa yana rufewa.

“An ce wani nawa ne ya kai ni wurin likita. Na jikina. Na tambayi Maman Yara, ta ce ba ta sani ba. Na tambayi Koci, ya ce bai sani ba. Duk ƙarya suke min, ina gani a idonsu.” Ya ɗago. “Ke kaɗai kika rage min. Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba.”

Na ajiye tsumman da ke hannuna.

“Mata suna kawo labari shagon nan. Ki sa kunne. In kin ji ko wane ne, kar ki gaya wa kowa, ni za ki gaya wa.”

“In ka san shi me za ka yi masa?”

Ya yi tunani sosai, kamar na tambaye shi hanyar wani gari. “Ban sani ba tukuna,” ya ce. “Sai na gan shi.”

Na karɓi almakashin a hankali na ce zan yi yanka, ya sakar min. Na ba shi ruwa ya shanye. Ya ce ya gaji, ya miƙe a kan benci, ƙafafunsa sun zarce sun sauka ƙasa. Kafin barci ya ɗauke shi ya ce zai riƙa zuwa kullum, mu zauna tare, har mu gano mutumin.

Na ce to, Allah ya kai mu.

Yana nan yana barci yanzu da nake rubutun nan, bakinsa a buɗe, hannu ɗaya a ƙasa. Na kira Maman Yara na ce yana wurina, kar ta damu. Akwai ɗinkin da ya kamata in ƙarasa, amma ban taka keke ba, kar ya farka.